Hannun Da Ya Saki Ƙwaya, Me Zai Riƙe?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya buɗe ƙofar tuba, bai sanya mata mai gadi ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da sauran waliyyan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, babu wata unguwa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai da za a ce sunan tramol baƙo ne a cikinta. Asalinsa maganin kashe zafin ciwo ne, ɗan gidan su kodin da mofin. Likita yakan rubuta ƙwaya mai miligiram 50 ko 100, kuma ƙa'idar likitanci ba ta yarda babban mutum ya wuce miligiram 400 a wuni ba. Amma wadda ke yawo a tiren ƴan talla da teburan bakin tasha, akwai mai 120, akwai mai 225, har da mai 250, ana haɗiyarta bibbiyu da shayi ko kofi. Ɗan kabu-kabu ya sha don ya wuni bisa babur, lebura ya sha don kada ya ji nauyin bulo, mai haƙar zinariya a Jado ya sha don ya jure rami, ɗalibi ya sha don ya kwana a kan takarda. Bayan tramol ga wiwi, ga maganin tari mai kodin, ga sholisho da ƙananan yara ke shaƙa a tsumma.

Malamai ba su yi shiru ba, kuma hukuncin a fili yake: abin da ke gusar da hankali haramun ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Cikin ikon Allah wa'azin yana shiga, ana samun matasan da ke zuwa zawiya su durƙusa gaban muƙaddami su ce sun bari. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Washegarin ranar da ya bari, me zai yi da hannunsa, da harshensa, da dogayen awoyin nan da ke tsakanin hantsi da la'asar?

Ramin da ƙwaya ke bari

Kwanakin farko jiki ne ke kuka: zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci, fargaba mara dalili. Wannan yakan lafa. Abin da ke daɗewa shi ne wanda ke biyo baya. Ƙwaya ta saba wa ƙwaƙwalwa da daɗin da ke zuwa da gaggawa, mai ƙarfi, ba tare da an yi masa wahala ba. Idan aka janye ta, sai sauran daɗin duniya su zama lami na wani lokaci: tuwo ba ɗanɗano, hira ba armashi, har salla ma sai ya ji kamar ɗaukar kaya.

Ga kuma lokaci. A da wuninsa a cike yake, ko da da sharri ne: neman kuɗin saye, zuwa wurin mai sayarwa, zaman fada ana jiran shayi ya nuna, ɓoye wa iyaye. Yanzu duk wannan ya kau, ba abin da ya maye gurbinsa. Abokan da ya sani suna can inda ya baro su. Sannan abubuwan da ƙwaya ta daɗe tana rufe wa baki suna fara magana: kunyar kayan mahaifiya da ya sayar, karatun da ya watsar, yarinyar da aka hana shi. Mafi yawan masu komawa ruwa a wannan rami suke faɗawa, ba don tubarsu ƙarya ce ba.

Kwashewa da cikawa

Ma'abota tasawwufi sun daɗe da sanin wannan. Suna ambaton matakai uku a tafiyar bawa zuwa ga Ubangijinsa: takhalli, wato kwashe munanan halaye daga zuciya, tahalli, wato yi mata ado da kyawawa, sannan tajalli, abin da Allah ke buɗewa na haskenSa ga wanda Ya so. Barin ƙwaya takhalli ne. Wanda ya tsaya nan kamar manomin da ya yi sassabe ya ƙone ƙaya ne, sannan ya ƙi shuka. Ruwan farko na sauka, ciyawar da ya cire za ta dawo ta fi da yawa.

Shari'a kanta ba ta fizge giya daga hannun sahabbai a rana ɗaya ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta fara nuna cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Aya ta 43 ta Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sai daga baya ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Uwar muminai Nana A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari, cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ce ba za su bari ba har abada, sai da zukata suka cika da imani tukuna. An kuma ruwaito daga Imamu Shafi'i cewa cikin abin da ya amfana da shi a zama da sufaye har da sanin cewa ran mutum, in ba a shagaltar da shi da gaskiya ba, shi zai shagaltar da mai shi da ɓarna.

Babban abin cika zuciya shi ne ambaton Allah, wannan ba ja. Lazimi safe da yamma, wazifa cikin jama'a, zikirin Juma'a bayan la'asar, su ne ginshiƙi. Amma lazimi da wazifa gaba ɗaya ba su cika cinye awa biyu a wuni ba, kuma sabon tuba ba ya iya zama da carbi tun safe har dare, jikinsa rawa yake yi, tunaninsa tsalle yake yi. Yana bukatar aikin da zai kama hannunsa da idonsa da kunnensa, aikin da ba zai raba shi da zikiri ba. A nan ne fasaha ke shigowa: tsara waƙar bege, rubutu da zayyana, ɗinki, dukanci, saƙa, sassaƙa, gini da zane. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau. Annabi Dawuda (AS), wanda aka bai wa muryar da duwatsu da tsuntsaye ke amsa tasbihi tare da ita, shi ne kuma aka tausasa wa ƙarfe aka umurce shi da ya ƙera sulke ya daidaita zobbansa, kamar yadda Suratu Saba'i ta faɗa. Murya da hannu duka sun haɗu a gidan annabci.

Waɗanda suka riga bin hanyar

Malik bin Dinar, tabi'in Basra, almajirin Hasanul Basari, yana cikin manyan masu gudun duniya. Ibnu Ƙudama ya kawo labarin tubarsa a Kitabut Tawwabin: ɗan doka ne mai yawan shan giya, har Allah Ya karɓi ran ƴarsa ƙarama, ya yi mafarkin da ya girgiza shi ya tuba. Masu tarihi sun ambata cewa abin da yake ci da shi shi ne rubuta Alƙur'ani da hannu ana biyansa. Hannun da labarin ya ce ya riƙe ƙoƙon giya, alƙalami ya koma riƙewa.

Bishirul Hafi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 227 bayan hijira, ya yi ƙuruciyarsa cikin sharholiya. Imam Ƙushairi ya kawo a Risalarsa cewa mafarin tubarsa wata takarda ce da ya tsinta a hanya ana tattaka ta, da sunan Allah a jiki. Ya ɗauke ta, ya sayi turare da ɗan kuɗin da ke hannunsa ya shafa mata, ya ajiye ta a wuri mai tsarki. Sai aka yi masa bushara a mafarki cewa kamar yadda ya ƙamsasa sunan Allah, Allah zai ƙamsasa nasa duniya da lahira. Aikin farko da Bishiru ya yi a hanyar Allah shi ne ƙawata wani abu da hannunsa.

Abu Mihjan Assaƙafi (RA) mawaƙi ne kuma jarumi, giya ta yi masa katutu har ya shahara da baitocin yabonta, an yi masa bulala ba sau ɗaya ba. A yaƙin Ƙadisiyya, zamanin halifancin Sayyidina Umar, Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya sa aka ɗaure shi. Da ya ji gumurzu ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo, ya hau dokin Sa'adu ya yi yaƙin da ya ba mutane mamaki, ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Sa'adu ya ce ba zai sake yi masa bulala ba, shi kuma ya yi rantsuwar ba zai sake sha ba. Harshen da ya yabi giya, an ruwaito masa baitoci a kan barinta. Baiwar tana nan yadda take, alƙiblarta ce ta juya.

Abin da aikin fasaha ke yi wa mai murmurewa

Na farko, yana koya masa daɗin da ake jira. Mai ɗinkin hula yakan yi makonni yana soka allura kafin zanen ya fito. Mai rubuta allo sai ya jiƙa ƙaro ya haɗa tawada, ya fere alƙalami, ya ja harafi, in ya karkace ya wanke ya sake. Wannan kishiyar ƙwaya ce, wadda ke ba da komai yanzu ta karɓe komai gobe. Sannu a hankali zuciya takan sake koyon jin daɗin ƙaramin abu: layi ɗaya da ya miƙe, baiti ɗaya da amsa-amonsa ya zauna. Sha'awar ƙwaya kuwa kamar guguwa take, takan taso ta yi ƙarfi ta kwanta. Wanda ta tarar da allura ko alƙalami a hannunsa ya fi kusa da ya jure har ta wuce, a kan wanda ta tarar kwance yana kallon rufin ɗaki.

Na biyu, yana ba abin da ke cikin ƙirji hanyar fita. Matashi da yawa ba zai iya duban idon mahaifinsa ya ce ya yi nadama ba, amma zai iya zuba nadamar a ƙwar biyu ko ƙwar biyar ya kai ƙararsa wurin Allah, ya yi kamun ƙafa da Manzon Allah (SAW). Wannan tsohuwar hanya ce. Ka'abu bin Zuhair da waƙa ya zo neman afuwa, Annabi (SAW) ya yafa masa mayafinsa. Imam Busiri yana kwance da shanyewar jiki ya tsara Burda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, shi da ƴarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya bar Imfiraji. Diwanan Shehu Ibrahim Inyass kuwa, ga su nan ana rera su daga Kaulaha har Kiyota. Wanda ya fara da haddace waɗannan, kunnensa ya saba da kari, wata rana zai ji nasa baitin yana ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na uku, yana mayar masa da suna. Wanda unguwa ta yi shekaru tana kira ɗan ƙwaya, ranar da aka ce a kai wa wane allon yaro ya yi masa zayyanar sauka, ko aka ce wane ne zai buɗe majalisin Maulidi da Ishiriniya, ranar an sake raɗa masa suna. Mutum yakan kiyaye sunan da ya sha wahala kafin ya samu.

Na huɗu, yana canja masa mazauni. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai koyon sana'a dole ya zauna gaban gwani, mai koyon bege dole ya zauna cikin zakirai, kuma a irin wannan zama ne hali ke naso.

Ba sai an je nesa ba wajen neman abin yi. Ga dukawan Damagaram, ga fatar jar akuyar Maraɗi da duniya ta sani, ga tukwanen Mirriya, ga tabarmin kaba na Madawa, ga zanen da magina ke yi a fuskar gidajen Birnin Damagaram, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga. Ga rubutun Alƙur'ani da hannu a ruwayar Warshu, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya. Matashin zamani kuma yana iya koyon tsara rubutu da zane a kwamfuta, ko ɗaukar sautin karatu da majalisi. Ƴan'uwa mata da wannan jarrabawa ta shafa, waɗanda ciwonsu ya fi ɓoyuwa saboda kunya, su ma ga saƙa da ɗinki da zanen lalle da waƙoƙin islamiyya.

Tarkunan da ke kan hanya

Shaiɗan ba ya barin wanda ya kuɓuce masa, yakan dawo ta ƙofar da aka buɗe don alheri. Tarkonsa na farko shi ne raɗa cewa basira a cikin ƙwaya take, wai waƙa ba ta zuwa sai an ɗan sha, hannu ba ya sakewa sai an ɗan busa. Gaskiyar ita ce ƙwaya tana kashe mai tantancewa da ke cikin mutum, sai ya ga komai ya yi kyau. A makonnin farko aikin zai yi nauyi, baiti zai ƙi zuwa. Wannan alamar ƙwaƙwalwa tana warkewa ce, haƙuri ake yi da ita.

Na biyu shi ne musanya maye da maye. Tafi da kirari da yawan masu dannawa a Facebook da TikTok su ma suna da tasu buguwar, ranar da suka ragu sai zuciya ta faɗi, ta nemi tsohon abokinta. Maganin wannan shi ne aikin ya bi ta hannun malami kafin ya fita, kuma mai shi ya riƙe wani kaso na aikinsa tsakaninsa da Allah, ba wanda ya sani.

Na uku shi ne rashin lura wajen zaɓen sana'a. Yaron da ya baro sholisho ba a kai shi rumfar mai gyaran takalmi ko mai facin taya inda gwangwanin gam ke buɗe, ko wurin fenti mai warin sinadari. Wanda ya baro tramol saboda aikin ƙarfi, kada a fara shi da aikin da sai an kwana ana yi. Haka nan waƙar da ke siffanta daɗin abin da aka bari tana tayar da abin da ya kwanta. Ko baitocin manyan arifai irin su Ibnul Farid, da ke kiran son Allah da sunan giya da maye, ma'anarsu tsarkakakkiya ce, amma sabon tuba gara ya jinkirta su har ƙafarsa ta kafu.

Na huɗu shi ne ɗaukar fasaha ko zikiri a matsayin madadin likita. Tramol mai yawa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, kuma yanke shi farat ɗaya ga wanda ya daɗe a kai yana da wahalar da takan bukaci kulawar asibiti. Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani. Zuwa wurin likita, ko sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba ƙarancin tawakkali ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Haƙƙin da ke kan zawiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusan kowace zawiya tana da tela, da baduku, da marubuci, da zakiri a cikin sahun wazifa. Da kowannensu zai karɓi yaro ɗaya ya zaunar da shi kusa da shi, da an rage aiki mai yawa. Mai hali ya sayi yadi da zare, ko takarda da tawada, kuɗin bai kai na hidimar walima ɗaya ba. In yaron ya gama hularsa ta farko, ko da ɗinkin ya karkace, wani dattijo ya saya ya sa a kansa ya zo da ita masallaci. In ya kawo waƙa, a gyara masa kari da lafazi, kada a gyara masa da gori. Kada kuma a tsayar da shi gaban taro a ce ya ba da labarin abin da ya aikata. Abin da Allah Ya suturta ba a yaye shi don a burge jama'a.

In kuma ya zame ya koma, kada a karɓe allurar, kada a rufe masa ƙofa. A zamanin Annabi (SAW) akwai wani sahabi da ake yawan kawowa saboda shan giya. Wata rana wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wani hadisin kuma ya gargaɗi sahabbai kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Duka biyun suna cikin Sahihul Bukhari. Idan Shugaban halitta ya ga soyayya a zuciyar wanda giya ta kayar sau da yawa, almajirin ɗariƙa ba shi da hujjar yanke ƙauna daga ɗan unguwarsu. Sau da yawa hular da aka bari rabi, ko waƙar da ta tsaya a baiti na bakwai, ita ce ke jawo mai ita ya dawo ya ƙarasa.

Shi kuma mai murmurewa, abin da ake nema gare shi kaɗan ne mai ɗorewa: ya riƙe salla cikin jam'i, ya riƙe wuridinsa, ya zaɓi aiki ɗaya ya ba shi lokaci sananne kowace rana, ya fara da alwala da basmala, ya bar harshensa yana salati yayin da hannunsa ke aiki. Kada ya auna kansa da gwanaye. Ya auna yau da jiya.

Allah Ya yaye wa duk wanda ke cikin wannan jarrabawa, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya tabbatar da dugadugan waɗanda suka tuba, Ya sanya albarka a hannuwansu da harsunansu, Ya musanya musu ɗacin da suka sha da zaƙin ambatonSa da son ManzonSa. Allah Ya zaunar da ƙasar Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.